Na ɗora kan Hilux ɗina a wani shasi: abin da garejin ya iya da inda ya ba ni haushi

Sau uku shasin motata yana tsagewa a wuri ɗaya, daidai bayan kai, inda ƙarfen ke lanƙwasawa ya hau sama kafin kunnen sifirin. Sau ukun nan ina kai wa mai walda yana ɗora faci kan faci, har wurin ya koma kamar gwiwar tsohon wando. Na huɗun bai yi min sallama ba. Ina dawowa daga Mai'adua ranar Lahadi da yamma, na faɗa wani rami kafin Mashi, sai na ji ƙas a ƙarƙashina. Da na duba madubi, bodin baya ya sunkuyo ya jingina da kai kamar mai raɗa.

Hilux ce ƙirar 2001, mai kai ɗaya, injin gas 3L mai lita 2.8, taya mai noti biyar, wato ba mai jan gaba da baya ba. Shekara tara tana hannuna. Da kaka hatsi, da damina takin zamani, gab da layya raguna. Kuma gara in faɗi laifina tun da wuri: motar da aka ƙera don ta ɗauki kamar tan ɗaya, ni nakan ɗora mata buhu 20 na masara, na ƙara mata sifirin biyu kowane gefe don kada ta zauna. Ashe ƙarin sifirin ba ya rage nauyi, tashi kawai yake ba motar, duk dukan da titi ya yi kuma sai ya wuce kai tsaye cikin shasi. Fitsarin dabbobi da takin da ke zuba ta ramukan bodi suka ƙarasa sauran aikin da tsatsa.

Sayen wata motar ba ya cikin lissafi. Tun da Naira ta karye a 2023, kuɗin tokumbo ya wuce inda hannuna ke kaiwa. Injina kuwa lafiya lau, ba ya shan baƙin mai, giyabos ba ya kuka, kan motar ko fenti bai taɓa gani ba. Abokin sana'ata ne ya ce in nemi shasi a sauya, ya kuma yi min kwatancen wani gareji a wajen Kofar Kaura a Katsina, in ka bar titi ka gangara lungu. Ba zan kama suna ba, tunda akwai ƙorafi a cikin maganata, amma masu a-kori-kura na garin nan sun san wurin. Fili ne babu ko allo, sai wani ƙaton bedi, da ƙarafuna uku da aka haɗa kawunansu sama aka rataya cen bulok, wato sarƙar ɗaga kaya masu nauyi.

Maigidan dattijo ne, siriri, gemunsa fari, tef ɗin awo a aljihun gaba inda wasu ke sa waya. Yaransa na ce masa Oga, ni Baba nake ce masa. Da janwe ya sauke motar bai tambaye ni komai ba. Ya sa aka ɗaga ta, ya shiga ƙasa da guduma ƙarama yana ƙwanƙwasa ƙarfen taki-taki yana saurare. Sannan ya sa yaro ya riƙe bakin tef a wani rami na gaban dama, ya ja zuwa takwaransa na bayan hagu, ya rubuta a bayan kwalin filta. Ya sake ja daga gaban hagu zuwa bayan dama. Tsakanin awo biyun akwai kusan inci biyu.

"Alhaji, tayar baya ta dama tana cinyewa ta ciki, ko?"

Na ce ƙwarai, duk wata biyar sai na sauya.

"Kuma wanda ke bin ka baya yana ce maka motar na tafiyar kare."

Haka karen motata ya sha gaya min, ina cewa idonsa ne. Baba ya ce shasin ya daɗe da murɗewa, tsagewar alama ce kawai, kuma ko walda ta wane irin gwani aka yi, karkatacce zai ci gaba da zama. A nan na yarda da mutumin, tun kafin mu yi maganar kuɗi.

Neman shasin shi ne rabin aikin, kuma a nan garejin ya ci kuɗinsa. Baba ya ce ba zai ɗora min kai kan ƙarfen da bai gani da idonsa ba, don haka na biya masa kuɗin mota muka tafi Kano tare, kasuwar Kofar Ruwa. Tun daga bakin layi dillalai suka yanyame mu. Na farko ya kai mu ga shasin Vigo, irin wanda ya fito daga 2005, fes da shi, farashinsa kuma da sauƙi har na fara lissafi a zuci. Dillalin na cewa, "Yallaɓai, ai Hilux Hilux ce, sabon yayi ma za ka samu." Baba ko tef bai ciro ba. Ya nuna min gaban: Vigo sifirin mai naɗi take da shi, tawa kuwa doguwar sandar ƙarfe ce mai murɗawa; sitiyarin Vigo rak ne, nawa akwati ne da ake ɗaurewa a jikin shasi; ga shi ta fi tawa tsawo da faɗi. Ya ce za a iya tilasta shi ya hau, yanka nan, ƙara can, amma daga ranar na zama mai motar da babu kayan gyaran da ya yi mata daidai, kuma duk bakaniken da ya leƙa ƙarƙashinta sai ya zage shi.

Na biyun ya fi haɗari domin shekarunsa sun yi daidai da nawa. Sai da Baba ya goge datti da tsumma a gefen hagu na gaba, ya nuna min ramuka uku da aka huda da hannu, ba zagayayyu sosai ba, an manna wani falle a kai. Motar asalinta mai sitiyari a dama ce, aka juya shi hagu bayan ta shigo, tunda ƙasar nan ta koma tuƙin hannun dama tun 1972. Wurin da akwatin sitiyari ke zama yana shan ƙarfi duk lokacin da ka murɗa taya da kaya a baya, kuma kamfani na sa bututun ƙarfe a cikin ramin don kada noti ya matse shasin. Wanda ya huda wannan bai sa komai ba. Na ukun kuma daga Turai ya zo, baƙin fenti na sheƙi. Guduma ɗaya Baba ya sakar masa kusa da kunnen sifirin na baya, sai ga garin tsatsa na zubowa ta rami kamar ana tankaɗe. Gishirin da suke watsa wa titi lokacin ƙanƙara ne, yana ci daga ciki, waje na nan lafiya.

Sai bayan La'asar muka samu. Hilux ce ta gida mai kai biyu, ita ma mai gas, zamaninsu ɗaya da tawa, ta yi adungure kan ya lotse amma ƙasa bai taɓu ba. Baba ya nace sai mai gas, don kujerun injin fetur ba wuri ɗaya suke zama ba. Ya auna tazarar tayar gaba da ta baya, ta zo daidai. Ya ja tef ta kusurwa biyu, bambancin bai kai kwatan inci ba. Mai kayan ya ce, "Haba Baba, ido ba mudu ba ne amma ya san kima." Baba ya ce masa kimar gero ido ya sani, ba ta ƙarfe ba. Muka daidaita a Naira 620,000 bayan doguwar jayayya, na ba dillali la'adarsa, na biya 70,000 aka ɗoro min shi kan wata babbar mota mai zuwa Katsina.

Ladan aiki 280,000 muka yi, na ba da rabi kafin alƙalami. Ya ce kwana goma.

Ranar da za a ɗaga kai na rufe harkokina na je na zauna kan benci, don ban taɓa ganin an raba mota gida biyu ba. Tun jiya sun sauke bodin baya sun ɗora kan ganguna huɗu. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar abin da ke riƙe da kan: noti shida, kowanne ya ratsa ta cikin wata roba mai kauri kamar tuwon madara. Biyu a gaba ƙarƙashin lagireto, biyu daidai ƙafar direba da ta fasinja, biyu bayan kujera. Shekara tara ina zaune kan noti shida ban sani ba. Sauran duk jijiyoyi ne: sandar sitiyari, bututan birki da na kulochi, wayar birkin hannu, wayar mita, sandar giya, tiyon ruwa, tarin wayoyin wuta. Baba ya sa wani yaro yana ɗaura wa kowane bututu zare mai launi, ɗaya a wannan baki, ɗaya a wancan. Suka cire ƙofofi biyu, suka zura katako mai kauri ta ciki da tsofaffin katifu a kai don kada rufi ya lotsa, suka fara jan sarƙa. Kan ya tashi kamar faɗin tafin hannu sai Baba ya ɗaga hannu. Ya zagaya da tocila a durƙushe, ya tarar da wata siririyar waya da aka manta tana miƙe kamar tsirkiya. Ya kwance ta, ya dubi yaron da ke wannan gefen, bai ce uffan ba. Yaron sai da ya gwammace mari.

Daga nan suka turo tsohon shasin waje da injinsa tsirara, aka bar kai na lilo a ƙarƙashin bedi. Kwana biyu suka kwashe suna mayar da inji, giyabos, furofela, aksul da tankin mai kan sabon.

Wurin da gwanintar take shi ne kunnuwa. Shasin mai kai biyu kunnuwansa na baya sun ja da baya, domin kan ya fi tsawo, kuma bodinsa gajere ne, babu inda gaban dogon bodina zai zauna. Na san garejin da za su sa wutar gas su babbake tsofaffin, su lanƙwasa ƙarfen gado su manna. Baba da giranda ya yanko kunnuwan tsohon shasina a hankali, ya goge su tas. Ya sauke kai kan noti huɗun gaba da suka dace da kansu, ya auna daga bakin madgad zuwa tsakiyar taya hagu da dama har suka zo ɗaya, sannan ya ɗora kunnuwan baya ya sa mai walda ya ɗiga musu ɗigo uku-uku kawai. Aka sake ɗaga kan gaba ɗaya, aka yi walda ta gaske a sarari inda hannu ke kaiwa, kaɗan a wannan gefe, a bari ya huce, kaɗan a wancan, don kada zafi ya ja ƙarfen. Na tambaye shi dalilin wahalar ɗagawa sau biyu. Ya ce waldar da aka yi a kwance ana leƙe, mai ita ma bai san abin da ya yi ba. Ya kuma hana a ja walda a tsallake saman ƙarfen shasin daga gefe zuwa gefe, ya ce nan ne tsaga ke samun hanya, kuma abin da masu facina uku suka yi ke nan.

Robobin kai ya ce sababbi, ban da tsofaffi, ban da yankan taya. Su da bututan birki da notuna sun ci min 95,000. Akwai kuma wani ɗan bawul da ke zaune a shasi sama da aksul na baya, da siririyar sanda da ta haɗa su. Idan kaya ya danne mota yana ƙara wa birkin baya ƙarfi, idan babu kaya ya rage, don kada baya ya kulle ya juya da kai. Nawa ashe an daɗe da toshe shi, ban san ko wane mai hikimar ne ya yi ba. Baba ya gyara na sabon shasin ya saita. Ban san motata na iya tsayawa a miƙe ba kaya kan titi mai yashi ba sai yanzu.

To, wannan duk yabo ne, kuma ya cancanta. Sai ƙorafi.

Kwana goman nan sati biyar ya zama. Wani ɓangare ba laifinsa ba ne: wuta sai ta wuni ba ta zo ba, janareton mai walda kuma sai na sayi gas ake tayar da shi. Amma mafi yawa halin kanikawa ne da kowa ya sani. Ka zo da safe ka tarar an ture taka gefe an rufe da tamfol, an ja wata fara mai baƙin gilashi ta wani babban mutum zuwa ƙarƙashin cen bulok. Ka kira waya a kashe. Ka tambayi yara su ce Oga ya tafi Funtuwa duba wata tirela, gobe zai dawo, goben ta zama jibi. Ni kuwa kasuwar raguna na tafiya. Lahadi biyu na Mai'adua na yi su da motar haya, ribar da zan samu direban ya tafi da ita. Ranar da na yi masa magana da ɗan zafi, murmushi ya yi ya ce, "Alhaji, mi kake ci na baka na zuba? Ka hi son in ba ka ita yau ka maido min jibi?" Maganar da daɗin ji, amma ba gaggawa na nema ba. Da tun farko ya ce min wata guda, da na shirya.

Na biyu, kuma wannan ya fi ƙona min rai, wayarin. Baba ba ya taɓa wuta, akwai wani saurayi mai wayarin da ke zuwa daga wani garejin. An ba ni mota da rana, komai na aiki. Daren farko a hanyar Daura, ina taka birki sai fitilun sigina na baya su kama duka biyu, mitar mai ta faɗi ƙasa ta sake tashi, fitilar gaba ta dushe. Da na tsaya na tayar da inji sai yana jan numfashi kamar batir ya mutu, ga warin roba na ƙonewa. Na sa hannu a wayar birkin hannu, saura kaɗan ta soye min yatsa. Wani mai wayarin a Daura ne ya gano da safe, cikin minti goma: kitsattsun wayoyin nan masu faɗi da ke haɗa inji da kai da shasi, biyu ba a mayar ba, ɗaya kuma an ɗaure ta kan sabon fenti ba a kankare ba. Tunda kai kan roba yake zaune, wuta ba ta da hanyar komawa batir, sai ta bi duk ƙarfen da ta samu. Aikin Naira 3,000 ya kusa cinye min mota da wuta. Da na koma na faɗa wa Baba, ya karɓi laifin ba tare da kwana-kwana ba, ya sauya min wayar birkin hannun da kuɗinsa. Amma mutumin da ke zagaye mota da tocila saboda waya ɗaya, bai kamata ya miƙa makulli bai kunna fitila da dare ya gani ba.

Sai maganar takardu, wadda babu wanda ya ɗaga min ita sai ranar ƙarshe. Lambar shasi a jikin ƙarfen take a buge, ita ce a takardar kwastam da ta lasin da ta inshora, ita ce kuma a ɗan farantin da ke jikin kai. Yanzu motata kai na faɗin lamba ɗaya, shasi na faɗin wata. Wanda ke bin hanyar Daura zuwa Kongolam ya san ba a rasa shinge, kuma ma'aikaci ya durƙusa ya goge lamba da yatsa ba sabon abu ba ne. Wani da ke yawan zaman kashe wando a garejin ya matso ya ce min abu mai sauƙi ne, a yanko lambar tsohon a dasa a sabon, a shafe da fenti. Nan ne kaɗai na ga ran Baba ya ɓaci. Ya ce wannan aikin ɓarayin mota ne, kuma duk ranar da aka kankare fentin aka ga walda kewaye da lamba, ba ni kaɗai za a tafi da ni ba. Ya kori mutumin daga benci.

Na gode masa da hakan, amma da ya faɗa min tun muna Kofar Ruwa, da ban sake biyan kuɗin motar Kano ba. Dole na koma wurin mai kayan na karɓi rasit mai ɗauke da lambar shasin da kwafin takardun motar da aka ciro shi, Allah ya taimake ni yana da su. Na yi takardar rantsuwa a kotu, na sanar da 'yan sanda, na kai motar masu duba lafiyar mota suka ga lambobin biyu da idonsu, sannan ofishin lasin. Sati biyu ina wannan zirga-zirga. Duk mai niyyar irin aikin nan, kada ya ba da ko kwabo sai ya ga takardar shasin, kuma ya ɗauki hoton tsohuwar lambarsa kafin 'yan gwangwan su tafi da ita. Ni sai da komai ya kammala na bari suka yanka tsohon suka auna a kilo.

Wata huɗu ke nan. Motar na tafiya a miƙe, in na saki sitiyari a titin Mashi ba ta ja ko'ina. Tayar baya ta dama har yanzu zanenta ɗaya ciki da waje. Ƙarar da nake ji a bayan kujera shekara da shekaru, wadda na ɗauka halittar motar ce, ta ɓace. Tsakanin kai da bodi akwai ɗan bambanci, gefen hagu ya fi na dama buɗewa da kamar faɗin ɗan yatsa, ba mai gani sai ni. Na cire ƙarin sifirin ɗin nan, lodi kuma na tsaya a buhu 12, ko da yake ranar da kasuwa ta yi daɗi shaiɗan yakan raya min 14.

Idan ƙanina ya tambaye ni ko ya kai tasa can, zan ce ya kai, da sharaɗi uku da zan faɗa masa a kunne: ya ninka kwanakin da aka ce masa sau uku, ya zo da nasa mai wayarin, kada kuma ya kai ta ana saura wata biyu Sallah. Baba ya ce in dawo bayan ɗan lokaci a sake ɗaure notunan kai, don sabuwar roba takan zauna. Na je Alhamis da ta wuce na tarar ya tafi Dutsin-Ma. Yaran sun ce Asabar.